Safara da safari: yadda Kano ta san kuɗin namun daji

Kalmar safari da ake ji a bakin masu yawon buɗe ido ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe, ko da yake ta yi dogon zagaye kafin ta iso mana. Asalinta Balarabiya ce, safar, wato tafiya. Mutanen gaɓar gabashin Afirka masu jin Suwahili suka ɗauka suna kiran ayarin fatake da ita, Turawan da suka shiga Kenya da Tanganyika suka karɓa daga bakinsu suka laƙaba wa tafiyar farauta, daga baya ta zama sunan fita daji a mota don a ga giwa da zaki, a ɗauki hoto a dawo. Wannan saiwar ce ta haifa mana safara, amma mu a kasuwa muka ajiye ta: ɗauko haja daga inda take da araha zuwa inda take da tsada. Yau ma in an ce safara, abin da ke fara faɗo wa mutum shi ne kayan da ake ɓoye wa 'yan kwastan. Rabuwar waɗannan kalmomi biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ta yi daidai da tarihin Kano da namun daji. Birnin ya shafe ɗaruruwan shekaru yana ƙwarewa a sanin kuɗin dabbar dawa bayan ta mutu, haurenta da gashinta da fatarta, har ya gina wa wannan sani unguwannin masana'antu a Bompai da Sharada da Challawa. Abin da bai taɓa ginawa ba shi ne hanyar da kuɗi zai bi ya shiga aljihun mutumin da ke zaune a bakin daji saboda dabbar tana raye. A ganina wannan giɓi, fiye da talauci ko rashin sha'awa, shi ya sa kallon namun daji ya kasa zama sana'a a ƙasar Kano duk da an yi ƙoƙarin dasa shi.

Sai a fara kawar da zancen cewa Bahaushe bai san kallon dabba ba sai da Bature ya koya masa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya buɗe ne da maharba a kan Dala, ya kuma siffanta ƙarfin Barbushe da cewa yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta. Ko an ɗauki wannan a matsayin zuguguntawa, yana nuna cewa giwa ce ma'aunin girma a idon waɗanda suka kafa garin, kuma har yau da zaki da giwa ake gaishe da sarki. Shi wannan littafi ya danganta wa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shigo da figini da takalmin gashin jimina, abubuwan da har gobe ake gani ranar hawa. A ƙasa da fada kuwa akwai ilimin da ya fi wannan zurfi. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya sunkuya yana tafiya yana caccakar ƙasa kamar tsuntsun har ya shiga tsakiyar barewa ba su razana ba, bai kai ga haka ba sai da ya yi shekaru yana zaune shiru yana lura da yadda burtu ke taku da yadda barewa ke saki jiki da shi. Manomi yana duban isowar shamuwa ya san damina ta ƙarato, ya kuma hana yara taɓa sheƙarta. Gidajen Maguzawa suna da kan gida, dabbar da zuriya ba ta kashewa ba ta ci. Gardawa masu wasa da kura da maciji suna tara jama'a a kasuwa, ana jefa musu kuɗi don a gani kawai. Wato biyan kuɗi don kallon dabba ma tsohon abu ne a wurinmu. Sai dai gardi yakan kawo kura gari da takunkumi, ba ya kai ɗan kallo inda kurar take zaune.

Ciniki mai nauyi yana wani wuri dabam. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini da aikin fata. Amma daga shekarun 1870 zuwa ƙarshen ƙarnin, kayan da suka riƙe hanyar Kano zuwa Tarabulus uku ne: hauren giwa, gashin jimina, da jemammiyar fatar akuya. Larabawan Gadamas da ke zaune a cikin birni su ne masu jari, Buzaye ke da raƙuma, ayari ya bi ta Damagaram da Agadas da Gat. Haure yana zuwa daga nesa, musamman daga Adamawa da bayanta, inda fataken Hausa suka yi ta nausawa kudu suna bin giwa yayin da take ƙarewa a kusa. Gashin jimina yana gangarowa daga Damargu da bakin hamada. A lura da yadda sarƙar take a haɗe ba inda ta tsinke: maharbi ya samu, mai gari ya samu rabonsa, dillali ya ci la'ada, fatoma ya samu na masauki, madugu ya samu, sarki ya karɓi fito. Kowane mutum daga bakin daji har bakin teku ya san abin da zai shigo hannunsa idan giwa ta faɗi. Babu ko ɗaya a cikinsu da zai sami anini idan ta ci gaba da yawo, in ban da manomin da zai yi asarar dawarsa.

Labarin jimina shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, don a nan ne aka fara gwada mana bambancin. Matan Turai da Amurka na wancan zamani suna ƙawata hulunansu da gashin jimina, kuma na yankinmu yana cikin waɗanda aka fi yabo saboda kaurinsa da sheƙinsa. Akwai masu riƙe 'yan tsuntsaye a gida suna figa, amma akasarin abin da ake lodawa daga jiminar daji yake, wadda sai an kashe. Su kuwa manoman Afirka ta Kudu tun shekarun 1860 suka fara killace tsuntsun, suka ƙera na'urar ƙyanƙyashe ƙwai, suna yanke gashin suna barin mai shi da ransa ya sake fitar da wani. Kafin a ankara gashinsu ya cika kasuwar Landan, farashin namu ya karye a tsakiyar shekarun 1880, fatake da yawa suka karye tare da shi. Duk da haka ba su gamsu da irin da suke da shi ba. A 1911 gwamnatinsu ta turo tawaga a ƙarƙashin Russel Thornton ta zo neman asalin tsuntsun mai kyakkyawan gashi, ta sauka Kano ta kafa sansani, ta tara jiminai, aka kai su jirgin ƙasa zuwa Ikko, suka isa Kef a 1912 da tsuntsaye fiye da 100. Mun yi shekaru arba'in muna sayar da gashi, su suka zo sau ɗaya suka sayi uwar. Mai gardama zai ce ai su ma ba su ci riba ba, tunda kasuwar gashin ta rushe baki ɗaya a 1914, lokacin da yaƙi ya ɓarke kuma hula mai dogon gashi ta daina dacewa da mota. Gaskiya ne. Amma da yake tsuntsun yana hannunsu a raye, garinsu na Oudtshoorn ya juya zuwa sayar da namansa da fatarsa, har yau kuma baƙi suna biyan kuɗi su shiga gonakin don su gan shi. Wanda ya riƙe dabbar yana da damar sauya abin da yake sayarwa in kasuwa ta juya. Wanda ya ƙarar da ita ba shi da wannan damar.

Shekarar 1911 ita ce kuma ta rufe hanyar hamada. Italiya ta faɗa wa Tarabulus, layin dogo ya iso Kano, daga 1912 kaya suka juya fuska kudu. Gyaɗa ta zama sarauniya, amma fata da ƙirgi ba su sauka daga layin gaba ba: kamfanonin Turawa suka buɗe kantunan saye, gwamnati ta sa malaman duba fata suna koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda ba da shanya a inuwa, saboda jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Kano suna da daraja a kasuwar duniya. A daidai wannan lokacin ne dokar kare namun daji ta shigo. Ƙasashen Turai masu mulkin mallaka sun yi taro a Landan a 1900, suka sake yi a 1933, a Nijeriya kuma aka yi dokar kiyaye namun daji a 1916. Ya kamata a faɗi gaskiya game da ruhin waɗannan dokoki: an rubuta su ne da idon mafarauci mai lasisi. Zamanin da ake ciki ke nan da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi safarinsa na 1909 a gabashin Afirka, inda shi da ɗansa suka harbe dabbobi fiye da 500, ana tafa musu. Jami'in da ke da bindiga da kuɗin takarda ɗan wasa ne, maharbin ƙauye mai tarko da kibiya mai dafi kuwa mai laifi. Sarkin baka, wanda da shi ke sanin lokacin da ake shiga daji da lokacin da ake barin dabba ta haihu, ya wayi gari doka ba ta san da shi ba. Tun daga ranar farko, kiyaye dabba ya zo wa talaka a matsayin hani, ba tare da wani abu a ɗaya hannun ba.

Bompai ce ta fara karɓar masana'antu tun kafin samun mulkin kai, Sharada da Challawa suka biyo baya daga shekarun 1970, har ya zama mafi yawan majemun zamani na Nijeriya a Kano suke. Wanda ya san tsohuwar majema ta Ƙofar Wambai ya san aikin da hannu: a jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a shimfiɗa a kankare da wuƙa mai baki biyu, a tsoma a ruwan kashin tsuntsaye ta yi laushi, sannan a zuba ta cikin ruwan bagaruwa a yi ta murzawa, a shafa mai, in ja ake so a kawo karan dafi. A Challawa kuwa manyan ganguna ne ke juyawa dare da rana, farar ƙasa da sinadarin kuromiyam sun maye gurbin toka da bagaruwa, fata ta fito da wani shuɗi-shuɗi, a jera ta a kan katako tana ɗigar ruwa kafin a loda zuwa Italiya ko Sifen. Kusa da wannan babban kogi na fatar akuya da tunkiya, akwai wani ƙaramin rafi da ya daɗe yana gudana: fatar kada da mesa da guza. Turai ta kamu da son jaka da takalmi na irin wannan fata tun tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, Kano kuma ita ce matattara, domin a nan dillalai da majema da dukawa da filin jirgin sama suke. Baƙon da ya sauka birni yakan shiga kasuwar Kurmi ya fito da jakar kada, wani lokaci da kan dabbar a kan murfi. Shi ma ɗan yawon buɗe ido ne, shi ma dabbar daji ya biya wa kuɗi, kuma kuɗinsa ya bi tsohuwar sarƙa har ya kai ga masuncin da ya ɗana ƙugiya a bakin fadama.

A nan akwai ƙorafi mai ƙarfi da bai kamata a tsallake ba. Za a ce ana ɗora wa masana'antu laifin da ba nasu ba: abincinsu akuya da tunkiya ne, dabbobin da ake yankawa don nama ko da majemi ko babu shi, kuma abin da ya share namun daji daga ƙasar Kano shi ne gatari da fartanya. Akwai gaskiya mai yawa a ciki. Karkarar da ke kewaye da birni tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma tun kafin zuwan Turawa, gyaɗa ta ƙara tura gona cikin saura, bushiyar da ta faɗo a farkon shekarun 1890 ta kashe shanu da ɓauna tare, farin 1973 da na 1984 suka kora makiyaya cikin duk wani daji da ya rage. Ko da ba a taɓa jeme fatar kada ko ɗaya ba, gwanki ba zai zauna a Gezawa ba. Amma wannan ƙorafi yana ƙarfafa hujjata ne. Ban ce gangar jima ce ta kashe zaki ba. Abin da nake cewa shi ne akuya ta yawaita saboda tana da mai ita, kuma mai ita yana samun kuɗi daga nononta da 'ya'yanta da namanta da fatarta, masana'anta ta ƙara mata daraja. Gyaɗa ta ci daji saboda kowace kadada da aka sare tana biyan wanda ya sare. Duk abin da aka haɗa shi da aljihun ɗan ƙauye ya yaɗu. Barewa ce kaɗai aka ce ta gwamnati ce alhali tana kiwo a gonar talaka, kuma hanya ɗaya da zai mai da ita tasa ita ce ya kashe ta.

Ƙoƙarin juya wannan lissafi ya zo a tsakiyar ƙarni. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari a ƙasar Bauchi a 1956, daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, aka buɗe wa baƙi a 1962, shekara ɗaya kafin a yi sabuwar dokar namun daji ta Arewa a 1963. Yankari tana da abin da ake buƙata: kogin Gaji da ke tara giwa da ɓauna da gwambaza da rani, da ruwan ɗumi na Wikki da mutum zai yi wanka bayan ya dawo daga zagaye. Da aka ƙirƙiri jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko Audu Baƙo ya so tasa jihar ta sami irin wannan. Dajin Kogin Kano da Turawa suka keɓe a matsayin gandun itatuwa ya koma gandun namun daji, wanda muka sani da Falgore, kusan murabba'in kilomita 1,000 a kan hanyar Jos, a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Aka gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka gina wani a kan dutse a Tiga bayan an kammala madatsar a 1974, aka buɗe gidan zu a birni a farkon shekarun 1970. Shirin yana da ma'ana in an dube shi daga sama: baƙo ya sauka filin jirgi, ya ga Kurmi da marinar Ƙofar Mata, ya kwana Bagauda, ya wayi gari a Falgore. Masu kallo ma suna nan a shirye, domin unguwannin masana'antu da ke tashi a lokacin cike suke da manajoji da injiniyoyi Turawa da Kwarori da Indiyawa da 'yan Sin masu neman inda za su kai iyali ranar Lahadi. Hannu ɗaya ne, a shekaru ɗaya, da kuɗin mai ɗaya, ya auna filayen Sharada ya kuma mai da Falgore gandun namun daji. Ban ga dalilin raina wannan hangen ba, kuma waɗanda suka yi shi sun cancanci a tuna da su da alheri.

Sai dai an gina rufin ne kafin a ɗora ginshiƙi. Kuɗin baƙo yana tsayawa a kantar otal da taskar ma'aikata. Mutumin ƙauyen da ke bakin gandun an hana shi itace da zuma da farauta da kiwo, birai suna ɓarnar masararsa, kuma bai san ranar da motar baƙi ta bar ko sisi a garinsa ba. Muddin gwamnati na da kuɗin biyan masu gadi da zuba mai a mota, iyaka tana tsaye. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, albashi ya lalace, masana'antu suka fara rufewa saboda rashin wuta da tsadar canji, baƙin Lahadi suka tattara, babu wanda ya rage da ke da dalilin kare dabbar. Otal ɗin Bagauda ya zama makarantar horar da lauyoyi. Falgore ta koma sunan da direbobi ke ambata da fargaba saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu, har sojoji suka mai da ita filin atisaye a 2017. Yankari ta fi jurewa, ta zama gandun tarayya a 1991 ta koma hannun jihar Bauchi a 2006, amma giwayenta da ake ƙiyastawa yanzu ba su wuce 100 zuwa 150 ba. Abin lura shi ne wanda ya tsira daga cikin duk shirin, wato gidan zu, tafiyar 'yan mintuna daga Sharada. Ranar yawon Sallah titin ba ya biyuwa: yara da sababbin kaya da lalle a hannu, mai rake, mai ƙanƙara, mai hoto, mai adaidaita sahu, kowa na samun nasa. Leburan masana'anta yana iya biyan kuɗin ƙofa ya ɗaga 'yarsa a kafaɗa ta ga zaki. Wannan cunkoso ya isa amsa ga mai cewa mutanenmu ba su damu da kallon dabba ba, kuma wurin ya rayu ne saboda mutane da yawa suna cin abinci a gefensa.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko zafi, kuma yakan fito daga bakin masu kishin talaka. Suna cewa gandun daji gadon mulkin mallaka ne, a Kenya da Tanzaniya an kori Masai daga makiyayarsu don Bature ya ɗauki hoto, kuma gani ba ci ba ne: ƙasar da yara ke kwana da yunwa ba ta da hurumin ajiye ƙasa mai kyau don barewa. Ba na musun rabin farko, na ma faɗe shi a sama. Amma a duba abin da ya faru a Kure, kilomita kusan 60 daga Yamai. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma, waɗanda da suke yawo daga Senegal har tafkin Cadi, ciki har da arewacin Nijeriya, sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, dukkansu a wannan yanki. Ba a kori kowa ba, ba a kuma yi shinge ba. Dabbobin suna kiwo a cikin gonakin gero da wake na Zabarmawa, suna ma ɓarna. Abin da aka yi shi ne aka tsananta hana kisa, aka ɗauki 'yan garin su zama masu rakiyar baƙi da ƙungiyarsu, aka haƙa rijiyoyi aka ba mata ƙananan rance da sunan raƙumin. Cikin shekara ashirin da 'yan kai adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas a manyan motoci aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka daɗe da rasa su. Nijar ba ta fi Nijeriya arziki ba, manomin Kure bai fi na Doguwa ƙoshi ba. Bambancin shi ne an sa shi cikin lissafi. Ba na kuma ɓoye raunin wannan hanya: a watan Agusta na 2020 'yan bindiga sun kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, baƙi suka ɗauke ƙafa. Sana'ar da ta dogara ga baƙon ƙetare kaɗai tana iya mutuwa a rana ɗaya. Shi ya sa cunkoson titin gidan zu yake da muhimmanci: birni mai miliyoyin mutane yana da 'yan kallo na gida da ba sa jiran biza, ɗaliban makarantu da iyalai da 'yan kasuwa, kuma ba a taɓa gina Falgore da su a rai ba.

Akwai wata igiya da ta ɗaure masana'anta da daji wadda ba a cika ambata ba, ita ce ruwa. Jima sana'ar ruwa ce, a wanke a jiƙa a ɗauraye, haka saƙa da rini da lemon kwalba. Kogin Kano yana ratsa Falgore kafin ya cika Tiga, itatuwan dajin su ke riƙe ƙasa kada ta zubo ta cike madatsar, daga can ruwan ya gangaro ya haɗu da kogin Challawa a wajen Tamburawa inda ake tace wa birni abin sha. Saboda haka mai masana'anta a Sharada yana da hannun jari a Falgore ko bai taɓa taka ta ba. Ta ɗaya ɓangaren, ruwan da masana'antu suka gama da shi ba ya ɓacewa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara ya tsaya a madatsar Wasai, na Sharada yana bin Salanta, na Challawa ya zuba kai tsaye cikin kogin Challawa, kuma jami'o'inmu sun yi shekaru suna auna kuromiyam a waɗannan rafuffuka da kayan lambun da ake ban ruwa da su. Kogin ya wuce Wudil ya zama kogin Haɗeja, ya baje a fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai kowane hunturu, wurin da ya fi ko'ina cancantar kallon tsuntsu a arewa, wanda Yarima Filip na Ingila ya ziyarta a Dagona a 1989. Madatsar Tiga da ta Challawa, wadda aka gama a 1992, sun riga sun rage ambaliyar da fadamun ke rayuwa da ita. Mai cewa a bar zancen tsuntsu a yi zancen aikin yi yana da hujja, domin kowace masana'anta da ta rufe gidaje ɗaruruwa ne suka shiga wahala, kuma ba wanda ke son Kano ya yi fatan majemunta su mutu. Amma masuncin Wasai da manomin shinkafa na Haɗeja su ma masu aiki ne, kuma ruwan da ke korar gauraka shi suke sha.

Ita kuwa safara ba ta taɓa tsayawa ba, sunan hajar ne ke sauyawa. Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka amince da yarjejeniyar duniya ta 1973 kan cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta yi tata dokar soja a 1985, duniya ta haramta cinikin haure a 1989, amma daga 2005 zuwa 2011 an dakatar da ƙasar daga wannan ciniki saboda gazawar aiwatarwa. A 'yan shekarun nan tashoshin ruwanmu sun yi suna a matsayin mafitar haure da ɓawon ɗan kunya da ake tarowa daga tsakiyar Afirka zuwa Asiya, har gwamnati ta farfasa tan 2.5 na haure a Abuja a farkon 2024. Tsohuwar sarƙar nan ce, maharbi da dillali da mai loda, kuma kamar yadda fataken haure suka yi a ƙarni na 19, tana ƙara nisa ne yayin da na kusa ke ƙarewa. Jiminar da Thornton ya zo nema, mai jan wuya, wadda gashinta ya ɗauki ayari zuwa Tarabulus ya kuma yi wa Rumfa figini, an ƙarasa ragowarta a dajin Abzin lokacin tawayen shekarun 1990. Wani ɓangare na abin da ya rage a Nijar yana cikin shinge a Kelle, a jihar Damagaram, inda ake ƙirga ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana fatan a tara garken da za a iya saki.